Gudummawar Inshorar Lafiya da Harajin Mutum a Ƙasar Amurka

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

Abin da za a yi bayani a kansa yau shi ne wata hanya da Gwamnatin Amurka ta ke bi wajen taimakon mutanenta su biya kuɗin magani, da yadda taimakon nan ya ke komowa ya shiga lissafin harajinsu bayan shekara ta ƙare. Ƙasar tana da nisa, amma maganar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa riƙe littafin haraji, ko ya ji labarinsa a bakin magabatansa. Magana ce ta ƙiyasi, da adibas, da ranar da a ke zama a daidaita lissafi.

Amurka ba ta da irin tsarin nan na Ingila, inda Gwamnati ke ɗauke da kuɗin maganin kowa. Magani kuwa yana da tsada ƙwarai a can, har kwana kaɗan a gadon asibiti ya kan cinye abin da mutum ya yi shekaru yana tarawa. Sabo da haka mutane su kan shiga inshora. Watau mutum ya riƙa yin zubi ko wane wata ga wani kamfani, in ciwo ya same shi kamfanin ya biya mafi yawan kuɗin. Ya yi kama da adashi, sai dai wanda bai yi ciwo ba ba shi da kwasa.

Wajen rabin mutanen ƙasar suna samun inshora ta wurin aikinsu. Abin da mai kamfani ya biya wa ma'aikacinsa na inshora ba a lissafa shi cikin albashin da a ke yanka wa haraji. Al'adar ta samo asali ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Gwamnati ta ƙayyade albashi, masu kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da alkawarin magani, sa'an nan dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da ita. Tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama suna da nasu tsari, sunansa Medicare, matalauta kuma suna da Medicaid. Duka biyu an kafa su a 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson.

Sai aka bar wasu a tsakiya: manomi mai gonar kansa, da mai kanti, da kafinta, da direban haya, da wanda ya ajiye aiki bai kai 65 ba. Ba su da maigidan da zai biya musu, ba su kuma kai talaucin da za a ɗauke musu ba. Domin su ne musamman aka yi dokar da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ran 23 ga watan Maris, 2010, wadda jama'a su ke kira Obamacare. Dokar ta buɗe abin da a ke kira Kasuwar Inshora, inda kamfanoni su ke baje hajarsu a intanet mutum ya zaɓa, aka fara aiki da ita a watan Janairu, 2014. A shekarar 2025 mutum wajen miliyan 24 suka sayi inshora a wannan kasuwa, mafi yawansu kuwa da gudummawar Gwamnati.

Yadda a ke lissafa gudummawar

Ko wace shekara Gwamnatin Tarayya ta kan fid da wani adadi da a ke kira ma'aunin talauci. Na 2024 dala 15,060 ne a shekara ga mutum ɗaya, dala 31,200 ga gida mai mutum huɗu, ban da Alaska da Hawaii da ke da nasu. Da ma'aunin bara a ke auna bana. A asalin dokar, gidan da samunsa ya kama daga ma'aunin nan har zuwa ninkinsa huɗu shi ke da hakkin gudummawa.

Inshorar da ke kasuwa an kasa ta hawa hawa, an sa musu sunayen ƙarafa, tagulla da azurfa da zinariya da filatinam, gwargwadon yawan abin da kamfani zai ɗauke. Gwamnati ta kan dubi na azurfa da a ke sayarwa a yankin mutum, ta ɗauki na biyu wajen araha, ta mai da shi magwaji. Sa'an nan doka ta ce, mai samu kaza ya kamata ya biya kashi kaza cikin ɗari na samunsa. Abin da ya rage tsakanin rabonsa da kuɗin magwajin, shi ne gudummawar. In ya so ya sayi na tagulla mai araha, in ya so na zinariya ya cika daga aljihunsa, gudummawar dai ba ta ƙaruwa.

To, ga inda haraji ya shigo, kuma nan ne mutane da yawa su ke ruɗewa. A wurin doka wannan kuɗi rangwame ne daga harajin kuɗin shiga na mutum, kuma cikin kundin dokar haraji aka rubuta shi. Hukumar Haraji ta Tarayya, wadda a ke kira IRS, ita ke da maganar ƙarshe a kansa. Rangwamen yana da kyau ta fuska biyu. Ba a lissafa shi cikin samun mutum balle a yanka masa haraji a kai, kuma ko da harajin da a ke bin mutum bai kai yawan rangwamen ba, a kan ba shi ragowar a hannu.

Amma rangwamen haraji sai shekara ta ƙare a ke saninsa, zubi kuwa ko wane wata ne. Mai ƙarfi yana iya biyan zubinsa duka, ya jira lokacin haraji a mayar masa. Talaka ba zai iya wannan ba. Don haka doka ta yarda a ba da rangwamen tun gaba, a matsayin adibas, Baitulmali ya riƙa tura shi kai tsaye ga kamfanin inshora ko wane wata. Kuɗin ba ya bi ta hannun mutum ko kaɗan. Abin da ya ke gani shi ne zubinsa ya yi sauƙi, shi ya sa ya kan manta cewa akwai wani lissafi da ke gudana da sunansa.

Da me a ke yanka adibas ɗin? Da ƙiyasin da mutum ya yi da bakinsa. Kasuwa ta kan buɗe ran 1 ga Nuwamba, a tambaye shi nawa ya ke tsammanin gidansa zai samu a shekara mai zuwa. A zamanin haraji da jangali, dagaci da malamin haraji su ke ƙidaya, a yanka wa mutum abin da zai biya, ya biya bayan kaka, ya karɓi rasit, magana ta ƙare. Wannan kuwa mutum ne ke auna hatsinsa tun bai yi shuka ba, a ba shi kuɗi a kan awon, sa'an nan a dawo bayan girbi a buɗe rumbu a gani.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin ƙarshen Janairu Kasuwa ta kan aiko wa mutum takarda mai lamba 1095-A, wadda ta nuna abin da aka biya dominsa wata bayan wata. Da ita zai cika wata takardar mai lamba 8962, ya haɗa da takardun harajinsa, ya shigar kafin ran 15 ga Afrilu ta wuce. A nan za a gwada adibas da ainihin hakkinsa.

Ga misali, da ƙa'idodin shekarar 2025. A ce wani kafinta ne gwauro, ya ƙiyasta zai samu dala 30,120, watau ninki biyu na ma'aunin talauci. Rabonsa a wannan matsayi kashi 2 cikin 100 ne, dala 602 a shekara, wajen dala 50 a wata. A ce kuma magwajin yankinsu dala 500 ne a wata, dala 6,000 a shekara. Gwamnati za ta biya masa dala 5,398. Sai Allah ya buɗa masa, ya sami kwangilar ƙofofi da tagogi, shekara ta ƙare da dala 45,180 a hannunsa, ninki uku ke nan. A wannan matsayi rabonsa kashi 6 cikin 100 ne, dala 2,711, hakkinsa kuwa dala 3,289 kaɗai. An biya masa rarar dala 2,109. Wannan rara za a ɗora ta a kan harajinsa, kamar yadda Ma'aji ya kan zare adibas daga albashin ma'aikaci. Da a ce kasuwa ce ta ja baya, samunsa ya gaza ƙiyasin, da shi zai bi Gwamnati, a rage masa haraji ko a aiko masa da cikon.

Kafintan nan bai yi ƙarya ba, bai ci amanar kowa ba. Aiki ya samu. Masu dokar sun san haka za ta riƙa faruwa, sai suka sa iyaka ga abin da za a ce mai ƙaramin ƙarfi ya mayar. A 2025 gwauro da samunsa bai kai ninki biyu ba ba ya mayar da fiye da dala 375, wanda ke tsakanin ninki uku da huɗu kuwa dala 1,625, mai iyali ninkin wannan. Ke nan kafinta zai biya dala 1,625, a yafe masa saura. Game da lissafin shekarar 2020, wadda annobar korona ta birkita samun kowa a cikinta, Majalisa ta yafe mayarwar baki ɗaya, na shekarar nan ɗaya tak.

Abin da ya sake daga 2026

Abu biyu suka sake a lokaci ɗaya, kuma haɗuwarsu ita ce ta sa maganar ta yi nauyi.

A watan Maris, 2021, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a wata doka da ta ƙara gudummawar. Wanda samunsa bai wuce ninki ɗaya da rabi ba ya daina biyan kome a kan magwaji. Aka kuma ɗage iyakar nan ta ninki huɗu, aka ce kome samun mutum kada magwaji ya ci fiye da kashi 8 da rabi cikin 100 nasa. Ƙarin na wucin gadi ne. Wata doka ta 2022 ta ja wa'adinsa zuwa ƙarshen 2025. Da wa'adi ya gabato jam'iyyun nan biyu suka yi ta ja-in-ja, har gardamar ta zama babban dalilin rufe ma'aikatun Gwamnati na kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, 2025. Ran 31 ga Disamba ta zo ba a sabunta ba. Shekarar 2026 ta shigo da tsohuwar ƙa'ida: mafi ƙarancin rabo kashi 2.1 cikin 100, mafi yawa kashi 9.96, wanda ya haura ninki huɗu kuwa ba shi da ko anini.

Na biyun ya shigo ne cikin babbar dokar haraji da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ran 4 ga Yuli, 2025. Ta soke iyakar mayarwa tun daga lissafin shekarar 2026. Duk rarar da aka biya wa mutum, kome ƙanƙantar samunsa, sai ya mayar da ita cif. Masu goyon bayan sokewar sun ce iyakar tana sa wasu su rage ƙiyasinsu da gangan, tun da sun san ba za a karɓe duka ba, kuma dillalai marasa tsoron Allah suna rubuta mutane da ƙiyasin ƙarya don su ci la'ada. Maganarsu ba ta rasa tushe ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, dukiyar Baitulmali kuwa ta jama'a ce. Sai dai dokar ba ta rarrabe mai ha'inci da wanda damina ta yi wa kyau ba.

A dubi yadda iyakar ninki huɗu ta ke aiki. Ga gwauro a 2026 ita ce dala 62,600, ga gida mai mutum huɗu dala 128,600. Doka ta yarda kamfani ya yanka wa dattijo zubi har ninki uku na saurayi, don haka masu shekara hamsin da sittin su ne gudummawarsu ta fi kauri. A ce wani manomi ne mai shekara 60, magwajinsa dala 1,000 a wata, dala 12,000 a shekara. In samunsa ya tsaya daidai dala 62,600, rabonsa dala 6,235 ne, Gwamnati ta cika dala 5,765. In ya sayar da ɗan maraƙi ɗaya a watan Disamba, samun ya haura iyaka da dala ɗari ko ma dala goma, hakkinsa ya faɗi gaba ɗaya, dala 5,765 ɗin nan da kamfani ya riga ya karɓa ta zama bashi a wuyansa. Ribar maraƙi ba za ta biya ko ushirinsa ba. Babu wani malamin haraji mai hankali da zai kira wannan adalci, gama haraji mai kyau shi ne wanda ke hawa a hankali tare da samun mutum. Irin wannan kuwa ya kan sa mai sana'a ya ƙi karɓar aiki a ƙarshen shekara, asara ke nan gare shi da Baitulmali duka.

A nan a ke ganin wanda tsarin ya dace da shi. Mai albashi tsayayye ya san samunsa na baɗi tun bana, kuskurensa kaɗan ne. Amma an riga an faɗa cewa masu albashi galibi suna da inshora ta wurin aikinsu, kuma wanda maigidansa ya ba shi inshora mai sauƙin kuɗi ba shi da hakkin gudummawar nan ma. Cikin waɗanda su ke Kasuwa akwai ɗimbin masu samun yau da ƙwari gobe babu, waɗanda ruwan sama da farashin hatsi da yawan fasinja ke juya su. Su ne aka ɗora wa yin ƙiyasin da ko Gwamnati ba ta cika yin sa daidai ba a kasafinta.

Duk da haka mutum ba ya rasa dabara, kuma dabarun duk halal ne a doka. Babbarsu ita ce kai rahoto. Da zarar samu ya ƙaru, ko an yi aure, ko an rabu, ko an haihu, ko yaro ya girma ya fita daga lissafin gida, sai a sanar da Kasuwa ta gyara adibas na watannin da suka rage. Mai shakka yana iya cewa a ba shi rabin adibas, ya karɓi saura lokacin haraji. Wanda ya ga ya kusa iyaka yana iya zuba wani abu a asusun tsufa ko asusun ajiyar magani irin waɗanda doka ta ce a cire kafin a lissafa samu, sai samunsa ya sauko ƙasa da iyakar. Amma wannan duk sai mai littafi, mai rubuta shiga da fita ko wane wata. Wanda ya bar lissafi a ka sai Afrilu ya ji labari.

Akwai wasu ƙa'idodi ƙanana da su kan kama mutane. Samun da a ke aunawa na gida ne duka, da na miji da na mata da na yaron da ya kai shigar da takardar haraji. Ma'aurata tilas su shigar da takarda ɗaya tare, in suka raba sun rasa hakkin, sai fa wanda abokin zama ya cuta ko ya gudu ya bari. Wanda ya karɓi adibas tilas ya shigar da takardun haraji, ko da samunsa bai kai wanda a ke nema ya shigar ba. In ya aika ta intanet babu 8962 a ciki, injin Hukumar ya kan komo masa da ita, in kuwa ya yi biris a kan yanke masa adibas na gaba.

Wani abin mamaki, akwai wanda talaucinsa ya hana shi samun gudummawa. Dokar 2010 ta nufi Medicaid ya ɗauki duk wanda samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin ba, shi ya sa ba ta tanadi rangwame ga na ƙasa da ma'aunin ba. Amma Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa ba za a tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba. A 2025 jihohi goma ba su faɗaɗa ba, cikinsu har da Texas da Florida, nan kuwa matalauci mara 'ya'ya ya kan rasa tudun dafawa ta ko wane gefe. A wannan shari'a ce kuma Kotun ta ce tarar da dokar ta sa wa wanda ya ƙi shiga inshora haraji ce, don haka Majalisa tana da ikon sa ta. Tarar ta kai dala 695 ga baligi a 2016, ko kashi 2 da rabi cikin 100 na samu, wanda ya fi yawa. Dokar haraji ta 2017 ta mai da ita sifiri daga 2019, ko da ya ke wasu jihohi, kamar Kalifoniya da Massachusetts, suna karɓar tasu.

Wani zai tambaya ko Nijeriya tana da irin wannan. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu, 2022, ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Amma ta fuskar haraji hanyar dabam ce. Abin da ma'aikaci ya zuba a inshorar lafiya ta ƙasa a kan cire shi daga albashi kafin a yanka haraji, kuma sabuwar dokar haraji ta 2025 ta bar wannan yadda ya ke. Ba a ba shi adibas bisa ƙiyasi, sabo da haka ba a bin sa bashi. Hanyar Amurka tana bukatar ko wane gida ya zama yana da takardar haraji da Hukuma ta ke gani ko wace shekara, da ofishin da zai gwada miliyoyin takardu da juna.

Lissafi na farko a ƙarƙashin sabuwar ƙa'ida shi ne na shekarar 2026, ranar shigar da takardunsa kuwa 15 ga Afrilu, 2027. Wanda aka samu da rara, Hukumar ta kan fara zarewa daga abin da ya kamata a mayar masa na harajin da aka riga aka yanka. In bai isa ba ya cika. In ba shi da halin cikawa a lokaci ɗaya, yana iya neman a raba masa biyan wata wata, amma da ruwa a kai har ran da ya gama.